Tayar Roba Mai Iska: Asalinta da Yadda Ta Ke Aiki

Kalmar taya ta daɗe da zama ’yar gida a cikin Hausa, har yaran ƙauye suna gara ta da sanda tun ba su shiga makaranta ba. Amma in aka tambayi ɗalibin kwalejin horon malamai abin da ya sa iska, wadda ba a iya damƙa da hannu, ta ke ɗauke da motar da aka labta wa buhunan gero, da wuya a sami amsa mai gamsarwa. Wannan ba ƙaramin giɓi ba ne, domin fashewar taya tana cikin abubuwan da ke hallaka matafiya a hanyoyinmu, kuma wani sashe na wannan hasara daga rashin sanin halin iska da roba ya ke tasowa. Nufin wannan takarda shi ne a bayyana asalin taya da yadda ta ke aiki da Hausa tsantsa, sa’an nan a dubi kalmomin da malami zai riƙa amfani da su in ya zo koyar da wannan darasi.

1. Ƙafar Keke Kafin Zuwan Roba

A ƙasashen Turai, ƙafar keken doki da itace a ke yin ta. Don kada ta zaizaye ko ta tarwatse, sai maƙeri ya ƙera zoben ƙarfe wanda ya ɗan gaza ƙafar girma, ya gasa shi har ya buɗe, ya cusa ƙafar a ciki, ya watsa masa ruwa. Da ƙarfen ya huce sai ya tsuke, ya ɗaure itacen tamau. Wannan zobe shi ne Turawan Ingila suka fara kira da sunan da mu ke cewa taya. Yana da ƙarko, amma ba shi da tausayi, don kowane dutse da ya taka sai ya aika da jijjigarsa zuwa ƙashin bayan mai tafiya, ga kuma ƙara mai hana jin magana.

Ita roba kuwa danƙon itace ce. Mutanen ƙasar Meksiko na dā sun san ta tun fiye da shekara 3,000 da suka wuce, suna yin ƙwallo da ita. A shekarar 1736 wani masani Bafaranshe, La Condamine, ya aika da samfurinta zuwa Faris daga Amurka ta Kudu. A 1770 Joseph Priestley na Ingila ya lura tana goge rubutun fensir, daga nan ta sami sunanta na Turanci, wanda ma’anarsa abin gogewa ce. Amma ɗanyar roba tana da mugun aibi: in ta ji zafi sai ta yi yauƙi ta yi wari, in ta ji sanyi sai ta sandare ta tsattsage.

Charles Goodyear, mutumin Amurka, shi ya gano maganin wannan a 1839. Ya tarar in aka cuɗa roba da farar wuta aka gasa, sai ta daina damuwa da zafi ko sanyi. Ya karɓi takardar shaidar ƙirƙira a 1844, a daidai lokacin da Thomas Hancock ya sami irinta a Ingila. Dalilin wannan canji, yadda masana suka gane daga baya, shi ne ƙwayoyin roba dogaye ne kamar zare. A ɗanyar roba zaren a zube ya ke, kowane sili yana sulluɓewa a kan ɗan’uwansa. Farar wuta ita ke ƙulla silin da juna wuri wuri, har su zama kamar komar masunta, wadda in ka ja ta miƙe, in ka saki ta koma. Goodyear ya rasu a 1860 da bashi a kansa. Kamfanin da ke ɗauke da sunansa sai a 1898 aka kafa shi a garin Akron, don tunawa da shi kawai.

2. Mutum Biyu da Dabara Ɗaya

Wanda ya fara tunanin ɗaure iska a jikin ƙafar keke shi ne Robert William Thomson, mutumin Sikotilan, yana ɗan shekara 23. A 1845 ya karɓi takardar shaida a Ingila. Tayarsa bututu ce ta zane mai kauri da aka shafe da roba, aka hura mata iska, aka rufe ta da rigar fata, aka ɗaure a jikin ƙafar da ƙusoshi. An gwada ta a kan keken doki a Landan a 1847, aka ga doki ya fi jin sauƙin ja, ƙara kuma ta ragu ƙwarai. Duk da haka ba ta karɓu ba, saboda roba tana da tsada a lokacin, ga shi babu keken hawa ko mota da za su matsu da ita. Sai aka manta da ita, aka ci gaba da curarriyar roba marar iska.

Bayan shekara arba’in da ’yan kai, wani likitan dabbobi, John Boyd Dunlop, shi ma ɗan Sikotilan amma mazaunin Belfast a ƙasar Ayalan, ya ga ɗansa yana shan wuya a kan kekensa mai ƙafa uku. A 1887 ya naɗe fallen roba ya yi bututu, ya hura, ya lulluɓe da zane. Ya sami takardar shaida a 1888. A watan Mayu na 1889 wani mai tseren keke, Willie Hume, ya hau keke mai irin wannan taya a Belfast ya cinye dukkan tsere huɗu da ya shiga. A shekarar nan aka kafa kamfani a Dublin tare da wani attajiri, Harvey du Cros. A 1890 aka tono takardar Thomson, aka ce ta Dunlop ba ta da ƙarfi, tun da ya ke an riga shi. Amma kasuwa ta riga ta buɗe, domin keken hawa mai ƙafa biyu daidai wa daida ya cika Turai a waɗannan shekaru. Abin lura a nan, dabarar da ta faɗi a 1845 ita ce ta ci a 1888, abin da ya bambanta su kawai shi ne samun masu bukata.

Tayar Dunlop manne ta ke da rim, in ta huje sai an yi sa’o’i ana fama. A 1890 C. K. Welch ya sa waya a leɓen taya don ta kama rim da kanta, W. E. Bartlett kuma ya fito da leɓe mai maƙalewa. A 1891 ’yan’uwa biyu na Faransa, André da Édouard Michelin, suka yi tayar da a ke kwancewa a gyara cikin mintoci, Charles Terront kuwa ya ci tseren Faris zuwa Brest da komowa da ita, tafiyar kilomita wajen 1,200. A 1895 suka sa wa mota irinta a tseren Faris zuwa Bordeaux. Ta sha faci a hanya, amma ta nuna mota ma tana iya tafiya a kan iska. Bawul ɗin da ke jikin tayar mota har yau, mai ɗan tsinke a tsakiya, na gidan Schrader ne na Niyok, tun farkon shekarun 1890.

3. Inda Aka Samo Robar

Da keke da mota suka yawaita, sai duniya ta shiga ƙishirwar roba, wannan ƙishirwa kuwa ta ci rayuka. Mafi kyawun roba daga itacen Hevea na dajin Amazon a ƙasar Barazil ta ke fitowa. A Afirka akwai wasu itatuwa da kurangar daji masu danƙo. A ƙasar Kwango, wadda Sarki Leopold na Biyu na Beljiyam ya riƙe tamkar gonarsa daga 1885 zuwa 1908, an tilasta wa ƙauyuka kawo roba da bakin bindiga, ana garkuwa da mata, ana yanke hannuwa, mutane masu ɗimbin yawa suka hallaka. Rahoton Roger Casement na 1904 yana cikin abubuwan da suka tona wannan asiri. A ƙasar Yarabawa ma an yi rububin tatsar wani itace, Funtumia, a tsakiyar shekarun 1890, har aka kashe itatuwan da tsananin tatsa, cinikin ya faɗi cikin ’yan shekaru. A Arewa kuwa danƙon gamji ne aka saya aka fitar, har Turawa suka sa masa sunan Kano, ko da ya ke bai kai na Hevea miƙewa ba.

A 1876 Henry Wickham ya kwaso ’ya’yan Hevea wajen 70,000 daga Barazil zuwa lambun Kew a Landan. Ƙasa da 3,000 ne suka tsiro, aka aika da dashensu Silon da Malaya. Henry Ridley, shugaban lambun Singafo tun 1888, ya gano yadda za a tsaga ɓawon itacen a riƙa tatsa shekara da shekaru ba tare da an kashe shi ba. Kafin 1920 gonakin Asiya sun karɓe kasuwar duniya. Kamfanin Firestone ya buɗe tasa gona a Laberiya a 1926.

Robar da a ke haɗawa a masana’anta kuma Jamusawa suka fara, tun aikin Fritz Hofmann na 1909. Da Japan ta mamaye Malaya da tsibiran Indunisiya a 1942, Amurka ta rasa roba ana tsakiyar yaƙi, sai ta duƙufa ga yin ta daga man fetur. Tayar yanzu gauraye ce ta iri biyun, amma ta manyan motoci da ta jirgin sama sun fi yawan ta itace, don ta fi jure zafi da tsagewa. Tailan ce kan gaba a noman roba a yau, a Afirka kuwa Kwaddibuwa. Nijeriya ta taɓa yin tayarta da kanta, Michelin a Fatakwal, Dunlop a Ikeja, tun farkon shekarun 1960, amma na farko ya daina a 2007, na biyu a 2008.

4. Ginin Taya

Wanda ya yanka tsohuwar taya zai ga ba roba kaɗai ba ce. Akwai sassa huɗu. Na fari, leɓe biyu, kowanne da murɗaɗɗiyar wayar ƙarfe a ciki, su ke kama rim. Na biyu, gangar jiki, watau shimfiɗun zare da aka dulmuya cikin roba, suka tashi daga wannan leɓe zuwa wancan. Na uku, bayan taya mai zane, wanda ke taka ƙasa. Na huɗu, abin da ke tsare iska, ko tiyub ko wani shafe na ciki.

Da fari saƙaƙƙen zane na auduga a ke sawa. Amma a saƙa zaren tsaye da na kwance suna gugar juna duk lokacin da taya ta lotsa, har su yi zafi su tsinke. Sai aka koma jera zare gefe da gefe ba saƙa, roba tana raba su. Daga auduga aka koma zaren masana’anta irin su nailan, da kuma wayar ƙarfe. Tayoyin farko fari-fari ne, saboda wani farin gari na tutiya da a ke zubawa. Wajen 1910 aka soma zuba garin baƙin hayaƙi mai kama da kunkunniya, aka ga yana ninka ƙarkon taya, yana kuma kāre ta daga cin rana. Dalilin baƙin taya ke nan.

Akwai hanya biyu ta shimfiɗa zare. A tsohuwar hanya shimfiɗun a karkace su ke, wannan ya gitta wancan. A sabuwar, wadda kamfanin Michelin ya karɓi takardar shaidarta a 1946, zaren yana tafiya kai tsaye daga leɓe zuwa leɓe, sa’an nan a yi masa ɗamara ta wayar ƙarfe ƙarƙashin zanen. Ita ce a ke kira radiyal. Gefenta yana da taushi, bayanta kuwa ɗamarar ta hana shi motsi, don haka ta ke shimfiɗuwa sosai a ƙasa, ba ta yawan zafi, ta fi daɗewa, ta fi rage shan mai. Kusan dukkan ƙananan motoci ita su ke takawa yanzu. Taya marar tiyub kuma kamfanin B. F. Goodrich ya bayyana ta a 1947. Fa’idarta, in ƙusa ta shiga sai robar ta matse ƙusar, iska ta riƙa zurarewa sannu, maimakon ta fice gaba ɗaya kamar yadda tiyub ke yi.

5. Yadda Iska Ke Ɗaukar Kaya

Iskar da aka cusa a wuri ƙuntatacce tana tura bangonsa ta kowace fuska daidai wa daida. Wannan turi shi a ke kira matsin iska, shi ne kuma gejin mai faci ke aunawa. In ya ce ya sa talatin da biyu, nufinsa fam 32 a kan kowane inci murabba’i, watau kimanin kilo 2.25 a kan kowane santimita murabba’i.

To, mu ɗauki mota mai nauyin kilo 1,200. Kowace ƙafa tana ɗauke da 300. Taya za ta yi ta lotsawa har faɗin wurin da ya taɓa ƙasa, in an riɓanya shi da matsin iskar, ya yi daidai da kayan. In aka raba 300 da 2.25 za a sami wajen santimita murabba’i 133, kusan faɗin tafin hannun babban mutum da yatsunsa. Lissafin kusa ne, don ƙarfin robar ma yana ɗaukar wani abu. Amma ya isa ya nuna birki da kwana da gudu duka a kan tafin hannu huɗu su ke rataye. Ya kuma nuna in iska ta ragu da rabi, dole taya ta baje kusan ninki biyu.

Saura tambaya ɗaya mai wuya. Tun da iska tana tura rim daga sama yadda ta ke tura shi daga ƙasa, me ya hana shi faɗuwa? Amsa tana ga zaren. Iska tana ɗame zaren gangar jiki kamar yadda a ke ɗame tsirkiyar kalangu, kowane sili yana jan leɓe zuwa waje. In babu kaya, jan sama da na ƙasa sun yi kunnen doki. In aka ɗora kaya, gefen taya na ƙasa ya kumbura, zaren wurin ya karkata zuwa gefe, jan da ya ke yi ƙasa ya ragu, na sama ya rinjaye shi. Ashe rim a rataye ya ke daga zaren sama, aikin iska shi ne ta tsare zaren a ɗame.

Wannan shi ya sa tayar iska ta fi curarriya. In curarriyar roba ta hau tsakuwa, ɗan wurin da ya taka shi kaɗai zai matsu, sauran nauyin sai an ɗaga shi. Mai iska kuwa haɗiye tsakuwar ta ke yi, matsin ya watsu cikin iskar taya duka, mota ta wuce ba ta ɗagu ba. Zanen bayan taya kuma magudanar ruwa ne. A busasshiyar kwalta suɗaɗɗiyar taya tana kamawa, amma da an yi ruwa sai ta hau kansa ta yi sulu, sitiyari da birki su zama banza. Dokar ƙasashe da yawa ta hana hawa taya in zurfin zanenta ya gaza milimita 1.6.

6. Zafi da Fashewa

Roba ba ta mayar da dukkan ƙarfin da aka matsa ta da shi, wani sashe zafi ya ke zama. Mai shakka ya lanƙwasa yankin tsohuwar taya sau hamsin da sauri ya taɓa. Tayar mota a kan gudun kilomita 100 a sa’a tana juyawa wajen sau 14 a daƙiƙa, kowane juyi kuwa lotsawa ce da miƙewa. In iska ta yi kaɗan, ko kaya ya yi yawa, lotsawar ta ƙaru, zafi ya taru, har roba ta saki zare da waya, taya ta fashe.

Akwai direbobi da ke sace iskar taya da bazara, ko a tsakiyar doguwar tafiya, wai don kada zafi ya kumbura ta. Gaskiya ne matsin iska yana hawa da zafi, kimanin fam ɗaya a kowane digiri biyar ko shida na ma’aunin Salshiyas. Amma masu ƙera taya sun riga sun yi lissafin wannan ƙari, ginin taya kuwa yana jure abin da ya fi shi nesa. Wanda ya rage iska ƙara lotsawa ya yi, ƙarin lotsawa kuwa ƙarin zafi ne, ya zama gudun gara an faɗa gidan zago. Ƙa’ida ita ce a auna iska da safe kafin a yi tafiya, a bi adadin da mai ƙera motar ya rubuta a jikin ƙofar direba ko a littafinta.

Rubutun gefen taya ma abin koyarwa ne. In an ga 195/65 R15 91H, faɗin tayar milimita 195 ne, tsayin gefenta kashi 65 cikin ɗari na faɗin, R radiyal ce, rim inci 15, lamba 91 tana nufin iyakar kayanta kilo 615, H kuwa iyakar gudunta kilomita 210 a sa’a. Akwai kuma lambobi huɗu na ranar ƙira: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Roba tana tsufa ko ba a taka ta ba, ta bushe ta yi tsaga. Saboda haka mai sayen tayar gwanjo ya dubi waɗannan lambobi tare da zurfin zane.

7. Kalmomin Taya a Hausa

Yawancin kalmomin wannan sana’a aro ne daga Turanci, ta kunne aka are su a tasha da gareji, shi ya sa suka bi ƙa’idar furucin Hausa sarai. Sautin p ya koma f, kamar a faci da famfo. Sautin v ya koma b, aka kuma raba baƙaƙen ƙarshe da wasali, aka sami bawul. Taya da roba sun ƙare da a, don haka suka zama tamata, jam’in taya kuwa ya bi sahun mota da motoci, taga da tagogi, aka ce tayoyi. Sholisho, ruwan mannin faci, shi ma ta wannan hanya ya shigo. Sunan da wasu ke kiran mai faci da shi, fakanaiza, yana komawa ga gasa roba da farar wuta da Goodyear ya gano, kalmar kuwa daga Vulcan ta fito, gunkin wuta na Rumawa.

Tsohuwar kalmarmu danƙo ba ta mutu ba, sai dai ta raba aiki da roba. Ta tsaya ga abin da ke fita daga itace, da kuma abin harbin tsuntsu da yara ke yankowa daga tsohon tiyub. Roba kuwa ta faɗaɗa har ta haɗa da bokiti da kwano na filastik, waɗanda babu ɗigon danƙo a jikinsu. Ya kamata malami ya fayyace wannan tun farkon darasi don kada yara su ruɗe.

Inda masu sana’a suka riga suka sa suna, shawarar da ta fi ita ce a bi nasu. Inda babu, kamar sassan ciki, kalmomin gida irin su leɓe da ɗamara da gangar jiki sun wadatar, don yaro yana ganin siffar abin da zarar ya ji sunan. Kayan aikin darasin kuwa ba su da tsada: yankakkiyar tsohuwar taya, da famfon keke, da geji, da farar takarda da za a ɗora ƙafar keke a kanta bayan an shafa mata tawada, a auna sawun da iska cike, a sake aunawa bayan an rage. Ɗalibin da ya auna sawun nan biyu da hannunsa ya fahimci abin da sashe na biyar da na shida suka ƙunsa, zai kuma iya bayyana shi ga direban garinsu da harshen da su biyun ke ji.